Yadda Ake Haɗa Katin Gaisuwa Mai Tagar Jel

Duk wanda aka miƙa wa irin wannan kati, kafin ya karanta abin da aka rubuta a ciki sai ya ɗora babban yatsansa a kan tagar ya danna. Jel ɗin gyaran gashin da ke cikin leda a bayan tagar ya gudu gefe, ƙyalƙyalin da ke ciki ya bi shi a hankali, ɗan kifin roba ya juya ya koma ɗaya kusurwar. Sai ya sake dannawa. Wannan taɓawar ce ta bambanta shi da sauran katuna, ita ce kuma take ɗora wa mai haɗa shi nauyi, domin abin da za a yi ta latsawa dole ya jure latsa. Takarda da ruwa kuwa ba sa ga maciji da juna. Ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini guda.

Saboda haka nake fara wa kowa da magana ɗaya: jakar jel ɗin ita ce katin. Ita ake fara yi, ita ake gwadawa, sannan a auna sauran komai a kanta. Masu koyo da yawa sukan soma da yanka kwali mai kyau da rubutu da ado, sai a ƙarshe su cusa leda cike da jel a bayan taga. Nan ne ake samun kati mai kumburi, ko wanda ya jiƙe tun yana cikin ambulan.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar kwali mai ƙarfi, wanda nauyinsa ya kai giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita. Wannan lamba tana rubuce a jikin ƙunshin. Takardar ofis giram 80 ce, ba za ta ɗauki nauyin jel ba. Sai ƙaramar leda mai zif, garai-garai, mai ɗan kauri. Wadda ake yi don ajiya a firiza ta fi, domin ta fi sauran kauri. Sai jel ɗin gyaran gashi marar kala, da salatif mai manne ta fuska biyu, da salatif mai soso wanda kaurinsa ya kai milimita 3, da faffaɗan salatif mai haske irin na ɗaure kwali. A haɗa da wuƙar yankan takarda mai sabuwar reza, rular ƙarfe, fensir, almakashi, cokalin shayi, tsinken sakace, da abin da za a shimfiɗa a ƙasa don kada a yanki tebur. Na ado kuma: ƙyalƙyali, 'yan filafilan roba masu sheƙi, ƙananan taurari ko kifaye na roba, da kalar girki ta ruwa in ana son rina jel ɗin.

A kan jel akwai abin da ya kamata a sani. Yawancin jel ɗin gashi ruwa ne da aka kaurara da wani sinadari mai suna kaboma. Wannan sinadari ba ya shiri da gishiri. Da zarar gishiri ya shiga, jel ɗin ya tsinke ya koma ruwa-ruwa, kayan adon su zube ƙasa gaba ɗaya. Don haka in za ka sa ƙananan bawon katantanwa na bakin teku ko yashi, wanke su sosai ka shanya su bushe tukuna. Ban kuma ba da shawarar man tsabtace hannu ba, duk da yana da haske. Sinadarin alkohol da ke cikinsa yana narkar da rinin kayan ado, yana kuma saurin bushewa. Man wanke gashi da sabulun ruwa suna kumfa, kumfar kuma takan rufe hoton da ke baya.

Gwajin da ba a tsallakewa

Kwana ɗaya kafin ka fara, zuba ɗan jel a murfin kwalba, ka jefa ɗaya-ɗaya daga cikin kayan adon da kake son amfani da su. Washegari ka duba. Wasu filafilan an rina su ne a sama kawai, za ka tarar jel ɗin ya koma ja su kuma sun yi fari fat. Duk abin da yake na ƙarfe zai iya yin tsatsa, takarda za ta jiƙe ta yage, busasshen fure zai sa jel ɗin ya yi launin ƙasa. Abin da ya fito yadda ya shiga, shi ne abin aiki. Ka kuma shafa kowane ɗaya a bayan hannunka. In ka ji kaifi ko tsini, ajiye shi. Tauraro mai kaifin baki yana huda leda daga ciki, kuma ba ranar farko yake hudawa ba, sai an yi ta dannawa.

Awo

Zan yi bayani a kan girman A6, wato milimita 105 da 148, domin yana shiga ambulan ɗin C6 mai milimita 114 da 162, wanda ba ya wahalar samu. In ka raba kwalin A4 biyu ka sami A5 guda biyu, kowanne milimita 148 da 210. Ninke ɗaya biyu, ka sami gindin katin. Kafin ka ninke, ɗora rula a tsakiya ka ja layi da bayan wuƙa ko biro da tawadarsa ta ƙare, don ninkin ya fita sumul ba tare da kwalin ya tsage ba.

Daga ɗaya rabin za ka yanke fuskar kati, milimita 100 da 143. A jikinta za a huda taga mai faɗin santimita 6 da tsawon santimita 8. Bar santimita 2 a dama da hagu, santimita 2 da rabi a sama, ragowar a ƙasa ya zama wurin rubuta gaisuwa. Jakar jel kuma za ta zama santimita 8 da 10, wato ta zarce tagar da santimita 1 ta kowane gefe. Wannan santimita ɗaya shi ne wurin manne ta, shi ne kuma yake ɓoye bakin da aka liƙe.

Haɗa jakar jel

In ledar tana da rubutu a jiki, ɗiga man goge farce a auduga ka goge, yawanci yana fita. Bar ta ta bushe. In ta fi awon da ake so girma, yi amfani da kusurwar ƙasa, domin can gefe biyu a liƙe suke tun daga masana'anta, biyu kawai suka rage maka.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan na fi yarda da cokali. Filin da jel zai zauna kamar santimita 6 da rabi ne da 8 da rabi, wato kusan murabba'in santimita 55. In ana son kaurinsa ya tsaya tsakanin milimita 1 da rabi zuwa 2, mililita 8 zuwa 11 ake bukata. Cokalin shayi ɗaya mililita 5 ne, don haka cokali biyu a shafe sun wadatar. Za ka ga kamar ya yi kaɗan. Bai yi ba. Jel ɗin da ya cika jaka ba shi da inda zai gudu in an danna, sai ya nemi hanya ta bakin da aka liƙe. Wanda bai cika ba shi ne yake yawo, yawon kuma shi ake nema.

In za ka rina, yi shi a ƙaramin kofi, ba a cikin ledar ba. Tsoma bakin tsinke a kalar, ka juya a cikin jel ɗin a hankali. Ɗigo guda cikakke yakan yi wa cokali biyu yawa. Sai dai ka tuna launin da ka gani a kofi zai yi haske in an baje shi siriri, don haka shafa kaɗan a farar takarda ka gani. Kada ka buga shi kamar ana kaɗa ƙwai, iska za ta shiga. In kumfa ta riga ta shiga, rufe kofin ka bar shi ya kwana. Wasu suna ƙara 'yan ɗigon gilisirin, domin yana riƙe laima yana rage saurin bushewa. Ni ma ina ƙarawa, amma ɗigo huɗu ko biyar kawai.

Yanzu wurin da ya fi ko'ina muhimmanci. Naɗe bakin ledar waje kamar yadda ake naɗe hannun riga, kimanin santimita 2, kafin ka zuba komai. Dalili shi ne duk inda jel ya taɓa ba zai liƙu ba, ko da zafi ko da salatif. Zuba jel ɗin can ƙasa da cokali, ko da sirinji marar allura in kana da shi, ya fi tsabta. Zuba kayan ado. Ƙyalƙyali ɗan abin da yatsu biyu za su tsinto ya isa, filafilai goma zuwa goma sha biyar, manyan abubuwa biyu ko uku. Warware bakin ledar, ka kwantar da ita a tebur.

Da gefen rula ko tsohon katin roba, tura jel ɗin a hankali daga ƙasa zuwa sama, iskar tana fita ta baki. Ka tsaya da jel ɗin ya rage santimita 1 da rabi ya kai inda za a liƙe. Ɗora rular a nan ka danne da hannu ɗaya, ta zama shinge tsakanin jel da busasshen wuri. Ƙananan ƙwayoyin iska biyu ko uku ba laifi ba ne, a katin teku ma kyau suke ƙarawa. Babbar iska ce matsala, domin tana kumbura in ta ji zafi.

Akwai hanya biyu ta rufe baki. Ta farko da zafi. Irin waɗannan ledoji da roba mai suna foliyetilin ake yin su, nau'inta mai laushi kuma yana narkewa a wajen digiri 110 na ma'aunin Salsiyos, don haka dutsen guga a mafi ƙarancin zafinsa ya isa, ba tare da tururi ba. Ɗora takardar nan da ake shimfiɗawa a tiren gasa burodi, wadda ba ta kamawa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Taɓa gefen dutsen gugar a kan layin, daƙiƙa biyu zuwa uku, ka ɗaga. Jira ya huce kafin ka ɗaye takardar. Liƙi mai kyau yana fita garai, faɗinsa kamar milimita 5, babu farin tabo a tsakiya. Inda ka ga fari, nan bai kama ba. Inda ya yamutse ya yi siriri, zafi ya yi yawa. Gwada a kan guntun leda sau uku ko huɗu tukuna, hannunka zai gane lokacin. Nakan yi layi biyu, ɗaya bayan ɗaya, in na farko ya saki na biyu ya tare. Bayan haka a yanke zif ɗin da ragowar ledar, domin zif yana da kauri, zai ɗaga fuskar katin.

Hanya ta biyu ba wuta, ita ta fi dacewa in da yara ake aikin. Rufe zif ɗin, bi shi da yatsa sau biyu, ninke shi baya, ka rufe da faffaɗan salatif wanda ya zagayo ta gefe biyu. Sannan ka bi sauran gefuna uku da salatif, rabi a gaba rabi a baya. Gam na ruwa ba shi da amfani a nan. Foliyetilin roba ce da gam ba ya kama ta sosai, zai bushe ya ɓare kamar ɓawon albasa.

Da ka gama, goge jakar tas, ka kwantar da ita tsakanin farar takarda mai shan ruwa biyu, ka ɗora littafi mai ɗan nauyi a kai, ka bar ta ta kwana. Da safe in takardar a bushe take, jakar ta ci jarrabawa. In ka ga tabo ko da kamar ƙwayar gero ne, kada ka yi mata faci, sake wata. Na taɓa yin sakaci da wannan a kan katin da na yi wa ƙanwata. Na ga ɗan danshi a kusurwa na rufe da salatif, na ce ai ba komai. Bayan kwana uku shuɗin ruwa ya bi kwalin ya cinye rabin rubutun da na ɓata dare ina yi. Ta karɓa ta yi godiya, amma abin ya daɗe yana damuna. Tun ran gini ran zane, shi ya sa nakan haɗa jaka uku ko huɗu a zama ɗaya, in zaɓi wadda ta fi.

Taga da hoton baya

Zana tagar da fensir a bayan fuskar katin, ba a gaba ba. Ɗora rular ƙarfe ta ɓangaren da za ka ajiye, yadda in wuƙa ta kauce za ta shiga cikin abin da za a zubar ne. Kada ka nemi yankewa a ja ɗaya. Ja uku marasa ƙarfi sun fi ja ɗaya mai ƙarfi tsabta. A kusurwa, fara daga kusurwar ka nufo tsakiya, don kada yankan ya zarce. Taga mai da'ira ko siffar zuciya tana yiwuwa, amma a karon farko mai kusurwa huɗu ta fi sauƙin ɓoye gefunan jaka.

Hoton baya shi ake hangowa ta cikin jel. Yanke shi santimita 8 da 10, ka manna a gaban gindin katin daidai inda tagar za ta faɗo. Ya zama mai haske, mai sauƙin zane, domin jel da ƙyalƙyali suna rage fitowar ƙananan layuka. Jel shuɗi a kan takarda rawaya kore zai ba ka, don haka ɗora jakar a kai ka duba kafin ka manna. In kana son wani zane ya tsaya cak yayin da sauran ke yawo, kamar ciyawar ƙarƙashin ruwa ko igiyar balan-balan, zana shi a bayan jakar da alƙalamin maka wanda tawadarsa ba ta gogewa. Gaisuwar da za a rubuta a ƙasan tagar ma yanzu ake rubuta ta, tun kwalin yana kwance a tebur, domin in an ɗora shi a kan soso alƙalami ba zai sami wurin tsayawa ba.

Haɗawa

Kifa fuskar katin. Zagaye tagar da salatif mai fuska biyu, dab da baki amma kada ya leƙo. Tura jel ɗin ya taru a tsakiyar jaka, gefunan su zama fayau, sannan ka ɗora ta. Fara manna gefen sama, ka ɗan ja ta yadda ba za ta yi tattara ba, amma kada ka ja ta ta yi tauri kamar fatar ganga. Tana buƙatar ɗan sassauci. Manna ƙasa, sannan dama da hagu. Juyo ka duba ta gaba: kada a ga liƙi, kada a ga salatif. In komai ya yi, bi gefunan jakar ta baya da wani salatif ɗin, ya riƙe ta da kwalin.

Sai soso. Jera shi a gefunan fuskar katin, a wajen jakar, kada ya hau kanta. A dama da hagu santimita 1 ne ya rage, don haka in soson ya fi haka faɗi raba shi biyu da almakashi. A ƙasa inda fili yake da yawa sa layi biyu, don wurin rubutun kada ya lotsa. Aikin soson shi ne ya yi wa jel ɗaki. Tunda kaurinsa milimita 3 ne jel kuma bai wuce 2 ba, in an danne katin soson ne zai ɗauki nauyin. In naka siriri ne, ɗora biyu a kan juna.

Kada ka ɓare takardun bayan soson gaba ɗaya. Ɗaga bakin kowanne kaɗan ka lanƙwaso shi waje, ɗora fuskar a kan gindin katin, daidaita har ka ga ɗan fili iri ɗaya ta kowane gefe, wato milimita 2 da rabi. In ya zauna, danne da hannu ɗaya, ka zare takardun ɗaya bayan ɗaya. Salatif mai soso in ya kama kwali ba ya sakin sa sai da yaga.

Wasu suna sa roba garai-garai mai tauri, irin wadda ake rufe bangon takardu da ita, tsakanin tagar da jakar. Tana kare jakar daga farce, tana kuma sa fuskar ta yi sheƙi kamar gilashi. Amma tana kashe taɓawar nan da na fara magana a kanta. Ni in hannu da hannu zan ba da kati ba na sa ta. In zai yi tafiya mai nisa, ko zai shiga hannun ƙaramin yaro, ina sawa. Ƙananan yaran da ke kai komai baki kuwa, kada a bar su da katin su kaɗai, saboda jel ɗin da ƙananan kayan da ke ciki.

In katin ya ƙi tsayuwa, yana faɗuwa ta gaba, nauyin jel ne, kusan giram 10 a fuska ɗaya. Manna wani kwalin a ciki ta ɓangaren baya, inda ake rubuta saƙo. Zai ƙara ƙarfi ya daidaita nauyin.

Aikawa da ajiya

Katin da aka haɗa da wannan awo kaurinsa yana tsayawa tsakanin milimita 4 da 5. Wannan yana da muhimmanci in ta gidan waya za a aika, domin ana raba wasiƙu ne bisa kauri da nauyi. A Birtaniya, misali, abin da ya wuce milimita 5 ya fita daga sahun ƙaramar wasiƙa. Injinan tantance wasiƙu kuma suna matse ambulan tsakanin bel da tayoyi. Don haka sa katin a cikin wata ledar ka rufe, ɗora kwali mai tauri a kan tagar, ka yi amfani da ambulan mai laushin ciki. A gidan waya ka gaya musu abin da ke ciki, su faɗa maka ƙa'idarsu kan aika abu mai ruwa.

Zafi ne babban abokin gabarsa. Kada a bar shi cikin mota a rana ko a bakin taga: iskar ciki za ta kumbura, mannen salatif ya yi laushi, kalar ta koɗe. Sanyin da ke daskarar da ruwa ma ba shi da kyau, domin ruwa yana ƙara girma in ya zama ƙanƙara. Ko an kiyaye duk wannan, laima tana ratsa leda sannu a hankali, jel ɗin yana raguwa yana ƙara kauri da tafiyar watanni. Shi ya sa ba na haɗa irin wannan kati in ajiye don baɗi. Kwali da hoton baya da rubutu ana iya shirya su tun da wuri a adana a busasshen wuri, jakar kuwa a cika ta mako ɗaya ko biyu kafin ranar da za a bayar, a bar ta ta kwana ƙarƙashin littafi, washegari a manna.